Kunnen Baba Yohanna

Ku da kuke ajiye kekunanku a inuwar tsohuwar tasha kuna jiran fasinja, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar Laraba. Wai da a zamaninmu aka haife shi, aikina zai nema, don bai taɓa jin inda ake biyan ƙato albashi saboda ya yi yawo da guduma a kafaɗa ba. Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku, domin ba na faɗa da mutanen da ke ɗauko ni kyauta daga kasuwar Wunti. Amma maganar ta bi ni har gida, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan.

Lokacin da na zo wurin nan, babu gari. Ɗakuna biyu ne na tasha, da tankin ruwa, da kwatas shida na ma'aikata, sai gonakin dawa iya ganinka. Shagon da kuke cajin waya, nan ne tagar sayar da tikiti. Inda mai walda ya kafa rumfa, nan layin ajiye taragu ya ƙare. Ƙaramar tasha ce a kudu da Bauchi, jirgi ba ya daɗewa a cikinta, amma a wannan ɗan tsayin matan ƙauyuka kan sayar da kwandunan tumatir da rake da dafaffiyar gyaɗa su koma gida hannu wayam. Su ne suka fara kafa rumfuna, rumfuna suka jawo mai shayi, mai shayi ya jawo masallacin langa-langa, aka yi coci a ƙetaren layi. A hankali gari ya miƙo ƙafa ya same mu. Yanzu ɗaliban Yelwa ne ke kama haya a filin da nake kiwon awakina, jirgin kuwa ya daina zuwa tun kafin a haifi yawancinku.

Ina da shekara ashirin aka ɗauke ni lebura. Mahaifina maƙeri ne a Ƙofar Dumi, saboda haka na iso da girman kai, ina ganin babu abin da wani zai gaya mini game da ƙarfe. Aka haɗa ni da mai duba layi, Baba Yohanna, wani gajeren mutum daga ƙauyukan kudancin Bauchi, mai faɗin kafaɗa da ƙaramar murya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi sana'ar gidanmu. Da na faɗa, sai ya ce, "To, Ɗan Maƙera, babanka yana dukan ƙarfe don ya lanƙwasa shi. Mu muna dukansa don ya gaya mana inda ke masa ciwo. Ɗauki sifana." Daga ranar sunana na Sale ya ɓace a tashar, har matarsa Mama Saratu Ɗan Maƙera take ce mini.

Sifanar nan ta kai tsayin ƙirjina, kuma wata shida ita kaɗai na ɗauka, ban taɓa guduma ba. Kayan mai duba layi ba su da yawa. Akwai guduma mai doguwar ƙota, da sifana, da jan ƙyalle na tsai da jirgi, da alli, da jakar fata mai notuna huɗu ko biyar. Akwai kuma wani kwanon tagulla kamar murfin gwangwani, mai lamba. Kana gama mil huɗunka za ka tarar da mai duba layin tasha ta gaba yana jiranka a iyaka, ku musanya kwano, ka kawo nasa gida ka nuna wa tashamasta. Wanda ya kwanta a gindin bishiya ya dawo da kwanon kansa, ya tona wa kansa asiri.

Layin dogo ba ƙarfe ɗaya ba ne da aka miƙe daga nan har Maiduguri. Guntaye ne, kowane biyu an haɗa su da farantan ƙarfe a gefe da gefe, an ɗaure da noti huɗu. Wannan mahaɗin shi ne rayuwarmu. Jirgi yana bi ta kai yana girgiza shi, rana tana buɗa shi, sanyin asuba yana tsuke shi, noti yana kwancewa kaɗan-kaɗan ba tare da ido ya gani ba. Sai ka doka guduma ka saurara. Mai lafiya yana amsawa tas, ƙarar ta bi layi ta tafi. Wanda notinsa ya saki yana amsawa a daƙushe, kamar ka bugi ƙwarya mai ruwa. Mai tsaga kuwa, wanda shi ne mugun, yana amsawa daidai da mai lafiya, sai a can ƙarshen ƙarar ka ji wata 'yar rawa. Baba ba ya yarda a yi magana a kan layi. Ni kuma Allah ya yi ni da surutu. Sau nawa yana juyowa ya ce, "Ɗan Maƙera, bakinka yana hana ni ji. Ka ajiye labarin sai mun isa gada."

Tsaga ta farko da na kama da kunnena, a lanƙwasar da ke bayan dutse ce, wata safiyar bazara. Baba ya riga ya ba ni guduma, yana biye da ni da sifana. Na doka, na wuce taku uku, sai ƙafata ta ƙi gaba. Na dawo na sake dokawa. Na durƙusa na share tsatsa da bakin rigata, ban ga komai ba. Na tofa yawu na goga, sai ga ta, siririya kamar gashi, ta taso daga ramin noti. Jirgin shanu na tafe kafin hantsi. Baba ya kafa jan ƙyalle, ya tura ni da gudu tasha na ɗauko sabon faranti a ka, muka kwance, muka canza, muka ɗaure, gumi na shiga mana ido. Jirgi ya zo ya wuce lafiya, shanu na leƙe ta tsakanin katako. Ina jira a yaba mini. Abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Me ya sa ka wuce taku uku?" Amma da yamma Mama Saratu ta aiko mini da kwanon gwate har da nama a ciki, na san daga inda umarnin ya fito.

Masu cin moriyar aikinmu ba su san da mu ba. In jirgin fasinja zai wuce, mukan koma gefe mu tsaya, su kuma su watso mana ɓawon rake ta taga. Wani lokaci yara su ɗaga mana hannu. Wata tsohuwa ta taɓa jefo mini ƙullin ƙuli-ƙuli, har yau ban san dalili ba. Makiyaya su kora shanu su watsa mana tsakuwar layi, mu kwashe mu mayar. In ka yi aikinka daidai, babu abin da ke faruwa, kuma babu mai gode wa mutum don babu abin da ya faru.

Bayan shekara bakwai aka ba ni nawa yankin. Ni nake bin arewa wajen babbar tashar cikin gari, Baba yana bin kudu. Mu fita tare bayan asuba, mu juya wa juna baya a bakin tasha, mu dawo da hantsi. Haka muka yi shekaru, na yi aure, aka ba ni ɗakin da ke jikin nasa.

Ranar da na gane, ba aiki nake ba. Ina da 'yar gonar gyaɗa a kudu, na bi layi da fartanya a kafaɗa. Hannun mai duba layi ba ya zama lafiya, ina tafe ina ƙwanƙwasa mahaɗai da ƙeyar fartanya don sabo. Sai ɗaya ya amsa mini a daƙushe. Na duba, ga allin Baba a jikinsa, sabo fil, alamar ya doka da safen nan ya ce lafiya. Na ce kuskure ne, kowa yana yi. Ban kai gona ba sai da na samu na biyu. Nan abubuwa suka riƙa dawo mini. Kwanan nan in na gaishe shi ta baya ba ya amsawa. Ya fara ɗaga murya, shi da ba a jin maganarsa sai an matso. In kana masa magana bakinka yake kallo. Na zauna a kan layi na rasa abin da ke mini daɗi. Mutumin da ya buɗe mini kunne, nasa yana rufewa.

Ga yadda lamarin yake. Saura masa shekara biyu ya cika aiki. In aka gane ba ya ji, sallamarsa za a yi, ya fita daga kwatas. 'Ya'yansa uku na ƙarshe suna makaranta a cikin gari, a ƙauyensu kuwa babu makarantar da ta wuce firamare. In kuma na yi shiru, kullum bayan la'asar jirgi cike da mutane zai bi ta kan mil huɗun da babu kunnen da ya saurare su. Ban iya kai ƙararsa ba, ban kuma iya barci a kan shirun ba.

Sai na zaɓi hanyar wahala. In na dawo daga arewa na miƙa kwano, na ci abinci, sai na saɓa buhu na ce zan yanko wa awaki ciyawa. A cikin buhun akwai ƙaramar gudumar mahaifina da guntuwar sifana. Na bi kudu da tsakar rana, ƙarfe na ƙona tafin hannu, na doka duk abin da Baba ya doka da safe, na ɗaure wanda ya saki, na dawo kafin la'asar da ɗan ciyawa a sama don idon mutane. Mil takwas da safe, takwas da rana. Matata ta ce awakin nan sun fi ta gata. Na rame har mahaifiyata ta aiko mini da jiƙo daga Ƙofar Dumi. Na yi wata bakwai a haka.

Daminar shekarar ita ce mafi muni da na gani a aikin. Ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layi a wurare uku, muka yi makonni muna ɗaukar tsakuwa a kwando, tufafi ba sa bushewa a jikinmu. Wani jirgin kaya ya sauka daga layi a can wani yanki da ba namu ba, ba a rasa rai ba, amma manya suka tashi tsaye. Aka ce za a gwada duk masu duba layi, tsofaffi a fara da su. Wata Talata sai ga sufeto a kan kurarsa mai bin layin dogo, lebura biyu na tura shi.

Sufeton ba mugu ba ne, saurayi ne mai tsabta da littafi a hammata. Ya sa Baba ya shiga ofishin tashamasta aka rufe ƙofa. Sannan ya dube mu ya ce, "Wa ke bin arewa?" Na ɗaga hannu. Ya kai ni layin ajiye taragu, inda jirgi ba ya gudu, ya ƙirga mahaɗai goma sha biyu, ya nuna na tara ya ce in sassauta notinsa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Da hannuna na yi. Ya ce in shafa ƙasa a kan notin, na shafa. Ya ce, "Ka tsaya can. In ka yi tari ma, kai da shi za ku tafi."

Aka fito da Baba. Duk kwatas sun fito, mata sun tsaya a bakin ƙofa, Mama Saratu ta naɗe hannu a ƙirji. Na yi wa kaina alkawari ƙasa zan kalla. Ya doka na farko, tas. Na biyu, tas. Yana tafiya a hankali, kansa a karkace kamar mai saurare. Ni da ke nesa ina jin kowanne sarai. Ya doka na takwas. Ya doka na tara, ƙarar ta faɗi a daƙushe, kowa a wurin da ya san aiki ya ji ta. Baba ya ɗaga ƙafa zai wuce. Ban san lokacin da kaina ya ɗago ba. Idona ya sauka a kan mahaɗin, ya tashi ya haɗu da nasa. Ko ƙiftawa ɗaya ba a yi ba. Har yau in aka rantsar da ni, ba zan iya cewa da gangan na yi ko ba da gangan ba.

Baba ya mayar da ƙafarsa. Ya sake dokawa, ya durƙusa, ya zana alamar noti ya saki da alli. Sufeto ya gyaɗa kai ya rubuta, ya ce da za a samu irin Baba goma da ya huta. Mama Saratu ta shige ɗaki da sauri. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce shi ke nan, abin da ya rage na shekara biyun ba shi da yawa, zan iya.

Washegari muka fito bayan asuba kamar kullum. A bakin tasha, inda muke rabuwa, bai juya kudu ba. Ya zauna a kan layi ya nuna mini gefensa.

"Ɗan Maƙera, zauna ta nan inda zan ga bakinka."

Na zauna.

"Jiya ban ji komai ba. Idonka na bi."

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu.

"Kar ka yi wa Allah ƙarya da sassafe. Kuma ciyawan nan da kake yankowa, awakinka nawa ne? Ni na koya maka ɗaurin noti. Kana tsammani zan ga ɗaurinka a layina ban gane ba?"

Na ce, "Baba, to ka bar ni mana. Wata bakwai na yi, ko noti ɗaya bai kuɓuce mini ba. Saura kaɗan. Yaran nan fa? Ka bari su gama."

Sai da na maimaita da ƙarfi kafin ya kama. Ya daɗe yana murza ƙotar gudumarsa.

"Na bari ai. Wata bakwai ina gani ina yin kamar ban gani ba, saboda yaran. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Amma jiya mutumin nan ya rubuta a littafi cewa kunnena lafiya. Yanzu duk wanda ya hau jirgin nan, a kan wannan rubutun ya hau. Ran da zazzaɓi ya kwantar da kai fa? Ran da matarka za ta haihu? Waɗanda ke cikin jirgi su ma da yaransu."

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ƙato da ni, da gemu, a kan layin dogo. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce in bi arewa kada rana ta yi. Da na waiwaya, na hango shi tsaye a ƙofar tashamasta, ya cire hula yana jira a buɗe.

Tashamasta, wani mutumin kudu da muke kira Oga, ya roƙe shi ya je ya sake tunani, Baba ya ƙi. Oga ya nemi a mai da shi mai gadin ƙofar da hanya ke tsallaka layi, aka ce mai gadi ma sai ya ji kukan jirgi. Takardar sallama ta zo bayan mako shida. Babba a cikin yaran nasa uku, wani ɗan cocinsu ya riƙe shi ya ƙarasa karatu, ƙananan biyu kuwa ƙauye za su koma tare da iyayensu. Kafin a turo sabon mutum, ni aka ba yankin kudu.

Ranar tafiyarsu na fita tun ba a gama sallame sallar asuba a masallacin langa-langa ba. Ban taɓa bin layi a hankali irin na ranar ba. Kowane mahaɗi sau biyu na doka, na lanƙwasar bayan dutse sau uku. Jirgin da zai kai su gida ta kan mil huɗun nan zai bi.

Da rana duk kwatas muka fito da kayansu bakin layi: gado, tukwane, buhun dawa, kaji a kwando, keken ɗinkin Mama Saratu. Jirgi ya tsaya, muka yi ta miƙa kaya ta ƙofa da taga, Oga yana riƙe da tutarsa yana yi kamar agogonsa ya tsaya. Mama Saratu ta kama hannun yaran biyu za ta hau, Baba ya tare ƙofar da hannu. Ya juyo yana nemana cikin mutane, ya ɗaga murya yadda duk tashar ta ji.

"Ɗan Maƙera! Ka duba?"

Na ce, "Na duba, Baba."

Injin na ruri, mata na kiran rake. Bai ji ni ba. Na matso gabansa na tsaya inda zai ga bakina.

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ya ɗan tsaya yana kallona. Sannan ya sauke hannunsa daga ƙofar, ya juya wajen matarsa.

"Saratu, shiga da yaran."